Alhamis ɗin da Muka Sa wa Ruwa

A shekarar da ruwa ya ɗauke bayan an gama shuka, ina aiki a ofishin hasashen yanayi, wani ɗan bene da ke jingine da katangar filin jirgin sama. Ɗakinmu a sama yake. Akwai kwamfutoci, da taswira a bango wadda rana ta cinye launinta, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga cikin wani tsohon gwangwanin fenti. Oga, shugaban ofishinmu, yakan ce a duk ginin ita kaɗai ce ke ba da ruwa a kan lokaci. Aikina shi ne in sauka da safe in duba ma'aunin ruwa da na zafi da na iska a cikin shingen waya, in hau in kalli hotunan da tauraron ɗan adam ya aiko, sannan in haɗa abin da za a faɗa wa jama'a. Da yake muryata ba ta rawa, ni gidan rediyo ke bugo wa waya in faɗa da bakina.

Mahaifina kuwa shi ne limamin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ranar da na gaya masa na sami wannan aiki, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Duba ne?"

Na ce, "A'a, Baba, awo ne."

Ya ce, "To, ki riƙa cewa in Allah ya so."

Daga nan bai sake tayar da maganar ba. Ladanin masallacinsu ne dai ya riƙe ta. Duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Bokanyar gwamnati! Yau me aljanun naku suka ce?" In yi dariya, in gaishe shi, in wuce. Ni a raina ban taɓa ganin wani karo tsakanin aikina da sallata ba. Aiki yana da lokacinsa, salla tana da nata, kuma ba su taɓa taka wa juna ƙafa ba.

A wannan shekarar yabanya ta fito ta tsaya cak, ganye ya nannaɗe. Famfo ya koma tari. Masu bugo waya gidan rediyo sun daina tambaya, sun koma faɗa, kamar mu ne muka kulle ruwan a cikin ofis muka tafi da mabuɗi.

Wata Litinin da yamma na biya gida. Tun rasuwar mahaifiyarmu, Goggo, ƙanwar Baba, ita ke riƙe da gidan. Muna gama gaisawa sai Baba ya ce mata ta je ta duba ko wankinsa ya bushe.

Goggo ta ce, "A wannan ranar? Ai kafin in gama shanyawa ya bushe."

"Ki dai duba."

Ta fita tana jan takalmi. Baba ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya mayar. Ya rage murya kamar mai neman wani abin kunya.

"Na'urorin naku, suna ganin wani abu kuwa?"

Na yi zaton ban ji daidai ba. "Wane irin abu, Baba?"

"Ruwa mana. Ko akwai wani abin da kuke kallo?"

Na gaya masa gaskiya. Tun da safe muke bin wata iska mai laima da ta taso daga gabas, in ba ta canza hanya ba za ta iso kanmu ranar Alhamis da yamma. Na ce mun ba ta kashi saba'in cikin ɗari.

"Saba'in ɗin me ke nan?"

"Wato da za a sami ranaku goma masu irin wannan alama, za a yi ruwa a bakwai."

"To su ukun fa? Wa ya hana su?"

"Ba mu sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, kamar wannan amsar ta fi sauran yi masa daɗi. Goggo ta shigo da wanki a kafaɗa, ya juya hira zuwa ciwon gwiwarsa.

Washegari da azahar Goggo ta bugo mini waya ina ofis. Ta ce yanzu ladan ya gama shela a lasifika: ranar Alhamis da hantsi za a fita roƙon ruwa a filin ƙwallon makarantar unguwa, maza da mata da yara, kowa ya zo da tsofaffin tufafinsa.

Na ajiye wayar na zauna ina kallon kwamfuta ba tare da ina ganin komai ba. Tun da na yi wayo ban taɓa kama Baba da wayo ba. Mutum ne da in ya tsinci allura a ƙofar masallaci sai ya yi cigiyarta. To me wannan ke nufi? In an yi ruwa ranar Alhamis, mutane za su ce addu'ar liman ta ci, alhali liman ya leƙa amsa tukuna. Amma kuma wa ya taso da iskar daga gabas? Ba ni ba ce, ba kuma Oga ba. In Allah ne ya taso ta, to ai roƙon daidai ne. In kuwa ya riga ya taso ta, me ake roƙo? Duk inda na kama maganar sai ta sulluɓe ta wani ɓangaren.

Na kasa riƙewa, na gaya wa Oga. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Wallahi mahaifinki ya fi mu iya aikin nan. Mu muna faɗa a zage mu, shi zai faɗa a sumbaci hannunsa."

"Yallaɓai, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Ke, manomi ba ya duba sama kafin ya ɗauki fartanya? Shi ma duba sama ya yi, da idon 'yarsa. Ina laifin?"

"Manomi ba ya cewa shi ya roƙo ruwan."

"Baban naki ya ce shi ya roƙo?"

Gaskiyarsa, Baba bai ce ba.

Da yamma na faɗi hasashen a rediyo kamar kullum: ana sa ran ruwa mai yawa ranar Alhamis, kashi saba'in cikin ɗari, in Allah ya so. A karon farko na ji kalmomin ƙarshen sun yi mini nauyi a baki. Da can ina faɗinsu ne kamar yadda ake rufe ƙofa in an fita.

Ranar Laraba da safe hotunan suka canza. Iskar ta fara karkata arewa. Kwamfuta ɗaya ta ce za ta dawo, ɗaya ta ce ta tafi ke nan. Muka zauna da Oga muka yi ta ja, a ƙarshe muka tsaya a kashi arba'in. Na fita baranda na kira Baba.

"Baba, abin nan ya ragu. Ya koma arba'in. Ko za ku ɗaga zuwa wata rana?"

Na ji ya gyara murya.

"In ce wa mutane me? In ce Allah ya ɗaga?"

"A'a, ku ce dai..."

"In ce me?"

Na ji haushi ya taso mini, na kusa tambayarsa to don me ya tambaye ni tun farko, amma ba a yi mini tarbiyyar da zan iya ba. Na ce Allah ya sa a dace. Ya ce amin, ya kashe.

A ranar na sake faɗa a rediyo cewa damar ta ragu. Daga baya na gane ba wanda ya ji wannan. Saba'in ɗin ta riga ta shiga kasuwa ta zaga gari, arba'in kuwa ko ƙofar gidan rediyon ba ta fita ba.

Ranar Alhamis na nemi izini na je filin. Na sa wani tsohon mayafin mahaifiyata, na tsaya a sahun mata kusa da Goggo, dab da ragar gola. Rana ta riga ta yi zafi, sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Daga nesa na hango Baba cikin wata riga da ta koɗe, ya yi ƙanƙanta a gaban jama'a. Da ya ɗaga hannu ya fara addu'a sai muryarsa ta karye, mata suka soma kuka. Ni ma na yi kuka, kuma da gaske na yi. Amma wayata tana cikin tafin hannuna ƙarƙashin mayafi, kuma tsakanin amin da amin na leƙa hoton tauraron ɗan adam har sau biyu. Goggo ta gan ni ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke ko kunyar Allah ba kya ji?"

Ina ji. Abin da ban sani ba shi ne me nake roƙo. Ruwa don gonakin mutane, ko ruwa don kada Baba ya ji kunya, ko ruwa don hasashena ya fita? Na ce Allah ya karkato da iskar nan kudu, sai na ji kamar ina ba shi shawara a kan aikinsa, na yi istigfari, na kuma sake leƙa wayar.

Bayan la'asar hadari ya haɗu. Ina kan barandar ofis na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rufin gareji, ƙanshin ƙasa ya bugi hancina. A titi masu shaguna suna ta janye kaya ciki, mata suna jera bokitai a bakin indararo, yara suna tsalle suna ihu. Goggo ta bugo tana guɗa a waya, sannan ta kashe. Oga ya fito ya tsaya kusa da ni, hannu a aljihu.

Aka yi tsawa. Wasu manyan ɗigo suka faɗo a kan ƙarfen baranda, ɗaya nan ɗaya can, har ana iya ƙirga su. Sai iskar ta juya. Muna tsaye muna kallo hadarin ya tattara kansa ya yi arewa, yana walƙiya a kan wasu mutanen da ba mu san su ba. Kafin magariba sama ta washe. Na sauka na duba ma'aunin ruwa, ko gindinsa bai jiƙe ba.

Oga ya ce, "To. Sauran sittin ɗin ce ta zo." Ya ɗauki mabuɗin motarsa.

Abin da ya biyo baya ya fi fari zafi. Wani manomi ya bugo gidan rediyo ya ce saboda maganata ya kwashe ragowar irin da ya ɓoye ya sake shukawa ranar Laraba, yanzu yana ƙasa yana gasuwa. Ya ce, "Yarinyar nan ta ce saba'in." Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa saba'in ba alkawari ba ce. Ya ce, "To mece ce?" Mai gabatar da shirin ya taimake ni ya sa talla.

A unguwa kuma magana ta fita. Ashe Goggo ba ta yi nisa wajen wankin nan ba, kuma cikin murnar hadari ta gaya wa maƙwabciya cewa ai Malam sai da ya tabbatar daga wurin 'yarsa. Ta faɗa ne don yabo. Kafin Juma'a labarin ya zama cewa liman ya je wurin masu duba, shi ya sa aka kawo ruwan har bakin ƙofa aka nuna mana aka mayar. Wasu samari kuma suka ce wannan ya nuna daga na'urar har addu'ar duk tatsuniya ce. Ladan ya daina kirana bokanya. Ya daina kirana komai, in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri.

Dattawan masallaci suka zo gida suka tambayi Baba ko gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne, ya tambaya. Ba su ce ya sauka ba, shi ma bai ce ya sauka ba, amma daga ranar na'ibinsa ne ke jan salla, Baba kuma yana bin sahu daga gefe, wai gwiwa ta matsa masa.

Na je na same shi da rana tsaka yana zaune a bakin gado, fanka tana juya iska mai zafi. Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Da na yi shiru."

"Ke aka tambaya, kika faɗi abin da kika gani. Ina laifinki?"

"To ku me ya sa kuka tambaya?"

Ya fita daga bakina kafin in tare shi. Bai yi fushi ba. Ya dubi tafin hannunsa.

"Tsoro na ji. A wancan farin na baya da muka fita roƙo, ba a yi ruwa ba sai bayan an manta da mun fita. Na ga yaran nan a sahun baya suna dariya. Na ce a raina in aka sake, wasunsu ba za su ƙara ɗaga hannu ba har su mutu. Sai na ce to, in mutum ya ga hadari da idonsa ya ce za a yi ruwa, ba wanda zai ce ya yi duba. Ke kuma idonki ya fi nawa nisa, shi ke nan. In Allah ya nuna miki alamar rahamarsa tana tafe, mu fita mu tare ta a hanya."

"Ai wannan ba laifi ba ne."

"Haka na ce wa kaina. Amma da na ɗaga hannu a filin nan, kin san abin da ke cikin kaina? Arba'in. Ina kiran sunan Allah, zuciyata tana cewa arba'in, arba'in, da ma saba'in ce. Shekara nawa ina gaya wa mutane su roƙa suna masu sakankancewa. To ni wa na roƙa a ranar? Shi, ko na'urarku nake jira?"

Na ce, "Ni kuma ina riƙe da na'urar ina roƙon Allah ya gyara mata lissafi."

Ya ɗan yi murmushi. Ina so in kwantar masa da hankali, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, Allah ne bai nufa ba. Ba don kun tambaya ba ne."

"Kin tabbata?"

"Iskar ta fara karkata tun ranar Laraba, kafin ku fita."

"Amma bayan na tambaya."

A makaranta an koya mini abin da ke karkatar da iska, zan iya zana masa a takarda. Amma zanen ba zai amsa abin da yake tambaya ba, kuma ni kaina a wannan lokacin ban san ko na yarda zanen ya isa ba.

Sai shi kuma ya ce, "Ke ma ki daina zargin kanki a kan manomin nan. Kin ce bakwai cikin goma. Ba ki ce goma ba. Ukun nan dole wata rana su faɗo a kan wani."

Haka muka zauna, ni ina ba shi haƙuri da maganarsa, shi yana ba ni da tawa, kuma ba wanda ya ji sauƙi. Goggo ta leƙo, idonta jawur don ta sha kuka tun ranar da dattawa suka zo, ta ajiye mana ruwan sha ta fita.

Ruwan ya zo a makon da ya biyo, ranar da na ba shi kashi goma. Ba wanda ya fita roƙo a ranar. Ina cikin motar haya da rana zan koma ofis, sai kawai gari ya yi duhu. Kafin direba ya gama ɗaga gilashi an kece kamar da bakin ƙwarya. Kwatoci suka cika suka tumbatsa, titi ya zama kogi, motarmu ta mutu a tsakiyar mararraba. Wata mata a bayana tana ta hamdala, wani kuma yana zagin masu hasashe, ya ce jiya da yamma ya ji wata a rediyo ta ce a yi shanya. Na ja mayafi na rufe fuska.

Na tuɓe takalmi na taka da ƙafa zuwa gidan Baba, don ya fi ofis kusa. Na tarar ruwa ya shiga tsakar gida har idon sawu, rufin ɗakin Baba yana yoyo ta wuri uku. Goggo ta jera tukwane da roba, shi kuma ya naɗe ƙafa a kan gado ya rungume littattafansa a cikin bargo. Muka yi ta kwarfar ruwa da ni da Goggo har bayanmu ya ƙage. A lasifika muna jin ladan yana kabbara, muryarsa tana shiga tana fita cikin ƙarar kwano.

Washegari kowa ya zo da bayaninsa. Oga ya nuna mini a hoto yadda zafin ƙasa ya haɗa hadarin a kanmu cikin ɗan lokaci, bayani mai kyau wanda ba shi da makusa, sai dai ya zo bayan ruwan. Dattawa suka ce addu'ar filin ce aka amsa, jinkiri aka yi don a gwada mu. Wasu suka ce a'a, sai da na'ibi ya karɓi salla sannan aka saki ruwan. Na saurari kowa, kuma duk wanda ke magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya har sai na gaba ya fara.

Gonakin da suka jure sun farfaɗo. Manomin da ya sake shuka bai sami komai ba, irin ya riga ya ƙone, kuma ban taɓa sanin sunansa ba balle in neme shi. Bayan 'yan makonni na'ibi ya yi tafiya, aka rasa mai shiga gaba, wani dattijo ya kama hannun Baba ya tura shi, shi ke nan ya ci gaba da limanci ba tare da an sake zama a kan maganar ba. Goggo ta ce karatunsa ya ƙara tsawo, kuma yakan daɗe a zaune bayan kowa ya watse. Ni dai na koma bakin aiki. Damina ta yi kyau daga baya, har ta so ta yi yawa, muka shiga gargaɗin mutanen bakin rafi su kwashe kayansu, wasu suka kwashe, wasu suka ce sai sun gani da idonsu.